Rigar da Aka Cire wa Merle

Masu fenti suna da wata raha da suke yi wa juna, Duane kuwa ba ya gajiya da ita. Duk safiyar da aka jingina dogon tsani a jikin gida, sai ya ɗaga kai ya ce, "Tsoho, ka dai sani ko? In ka faɗo, tun kana cikin iska na sallame ka."

Merle kuma daga can sama, buroshi a hannu, sai ya ce, "Wa za ka sallama? Ni ba yaronka ba ne. Kaina nake yi wa aiki."

Sai a kwashe da dariya. Lorna ma takan yi, ko da yake abin ya daina ba ta dariya tuntuni. Duane yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke da motar aiki, shi ke da tsani da injin feshi, shi ke yawo yana samo gidajen da za a yi wa fenti a garin Saginaw na Amurka da garuruwan kusa. Merle kuwa tun zamanin babansu yake cikin aikin. Shi ya koya wa Lorna yadda ake jan layi a bakin taga ba tare da hannu ya karkace ba, tun tana 'yar makaranta. Yanzu kansa ya yi fari fat, har ba a gane inda fenti ya ɗiga masa.

Maganar "kaina nake yi wa aiki" tana da asali. Shekarun baya Duane ya tara su a cikin mota suna shan kofi, ya ce inshorar da ake yi wa ma'aikata saboda rauni ta fi ƙarfinsa. Daga yau, in ji shi, babu oga babu yaro, kowa ɗan kwangilar kansa ne. Washegari dai shi ya ce a fito da sassafe, aka fito. Shi ya nuna bangon da za a fara, aka fara. Farar rigar nan mai sunansa da lambar wayarsa a baya, ita suka ci gaba da sawa. Ba abin da ya canja sai Merle. Ya koma gida ya gaya wa matarsa Patsy cewa shi ma yanzu mai kansa ne, kuma daga ranar in ya shiga shagon sayar da fenti har wani gyara tsayuwa yake yi.

Inshora ɗaya Duane ya bari, wadda ke biya idan an yi wa mai gida ɓarna. Ita yake nuna wa mutane in ya je neman aiki, a ƙofar motar ma an rubuta da manyan baƙi cewa suna da inshora. Ita kuma yake lallaɓawa kamar ƙwai, don duk sanda wani ya kai kuka wurin kamfanin sai su ƙara masa kuɗi.

Ranar da abin ya faru suna gidan wata tsohuwa ce, Madam Haverkamp. Dogon gidan katako ne irin na da, mai tsini a sama. Ƙarshen Oktoba ne, ganye ya gama zuba, kowa ya san in sanyi ya sauka sosai fenti ba ya kama bango, don haka Duane tun safe yake ta azalzalar su. Merle yana can ƙarƙashin tsinin rufin. Ƙasar gefen gidan tana da gangare, sai suka sa katako a ƙarƙashin ƙafar tsanin ɗaya, Lorna ta tsaya ta taka matakin farko, ta riƙe da hannu biyu. Aikinta ke nan a lokacin. In tsani yana kan katako, ba a sakinsa. Wannan ma Merle ne ya koya mata.

Duane yana ɗaya gefen yana feshi a bangon gareji. Sai iska ta juya. Lorna ta ga farin hazon fenti yana tahowa a hankali, ya nufi motar Madam Haverkamp, wata baƙar mota mai sheƙi da ke ajiye dab da gidan.

"Lorna! Tamfol! Rufe motar nan!"

"Ina riƙe da tsani, Yaya."

"Tsanin zai gudu ne? Ki rufe motar na ce! Kin san abin da ɗigo ɗaya zai jawo mini?"

"To ka kashe injin mana."

"In kashe fenti ya daskare a bututu? Tsoho! Ka ji ƙanwata wai sai ta yi maka raino!"

Merle ya leƙo ƙasa yana dariya. "Je ki, 'yar nan. Tun ba a haife ki ba nake hawa tsani. Je ki kafin yayanki ya yi kuka."

Ta saki. Ta ruga ta jawo tamfol daga bayan motar aiki. Tana cikin warware shi ta ji ƙarar katakon ya zame, wata 'yar ƙara kamar an ja kujera a kicin. Merle bai yi ihu ba. A kan motar ya faɗo, gaban ya lotsa, gilashin ya tsage, sannan ya gangaro ƙasa cikin furannin matar. Bokitin ya biyo baya. Farin fenti ya wanke baƙar motar tun daga rufi har taya.

Duane ya kira motar asibiti nan take, wannan kam ba wanda zai ce bai yi ba. Ya ba su adireshi. Da ya ajiye wayar sai ya durƙusa kusa da Merle, ya zaro 'yar wuƙar da suke yanka leda da ita, ya kama wuyan rigar ya tsarga ta har ƙasa.

"Me kake yi?" in ji Lorna.

"Iska nake so ya samu."

Ya tsarga hannuwan ma, ya zare rigar a hankali daga ƙarƙashinsa, Merle yana nishi. Ya dunƙule ta ya wurga wa Lorna. "Sa a motarki." Sannan ya tuɓe nasa jaket, wanda ba rubutun komai a jiki, ya lulluɓe shi.

"Tsoho, kana ji na? In sun tambaye ka, kanka kake yi wa aiki. Ni zan ji da komai. Ka ji?"

Leɓen Merle ya yi fari. Ya yi ƙoƙarin murmushi. "To da wa nake yi wa?"

Lorna ta tsaya da rigar a hannu, tana jin ɗuminta. Da ta ji jiniya ta nufo layin sai ta je ta cusa ta a bayan kujerar motarta, ta rufe ƙofa.

Ba a yi mako ba mutumin inshora ya zo. Saurayi ne mai fara'a, takalminsa fes. Ya zagaya motar Madam Haverkamp yana ɗaukar hoto, ya tsuguna ya ɗauki inda ta lotsa ta gefe da ta gaba, har furannin da suka karye ya ɗauka. Lorna tana saman baranda tana ƙarasa abin da Merle ya bari. Ba mai yawan magana ba ce, sai da ta yi ta juya abin a baki kafin ta sauko.

"Malam, mutumin da ya faɗo fa?"

"Ai na ji. Allah ya ba shi lafiya. Ya jikin nasa?"

"Ƙugunsa ya karye. Da ƙashin baya."

"Kai, ba daɗi." Ya duba allon hannunsa. "Sai dai mu namu kayan mai gida ne. Shi ai ɗan kwangila ne, ko? Zai kasance yana da tasa inshorar."

Lorna ta dubi lotsawar. Ana iya gane inda kafaɗar Merle ta sauka.

Kafin ƙanƙara ta fara zuba an gyara motar, ta dawo tana sheƙi fiye da da. Ko a kwanakin gyaran ma wata motar suka ba matar tana hawa. Furannin kuma aka biya ta. Ta aika wa Merle kati mai hoton tsuntsu.

A asibiti an yi masa tiyatar farko, don wannan ba sa jiran kowa. Amma likita ya ce akwai ta biyu a bayan, da watanni na gashin ƙashi da koyon tafiya, kuma gara a yi da wuri kafin ƙashin ya kama a karkace. Wannan sai an san wanda zai biya. Merle ba shi da wata inshora. Bai taɓa tunanin yana bukata ba, tunda kullum yana hawa motar da aka rubuta wa cewa suna da inshora.

Da fari Duane yana zuwa kullum. Ya kawo cincin mai sukari a kwali, ya zauna a bakin gado suna tuna gidajen da suka yi tare. Da aka sallamo Merle, shi ya zo da katako ya yi masa gangare a bakin ƙofa don keken guragu ya hau, ya shafe shi da fenti mai kyau, shafe biyu. Daga nan ya koma zuwa ranar Lahadi. Daga nan sai waya. In Patsy ta tambaye shi maganar tiyata sai ya ce yana magana da wani, ana kan duba hanya.

Patsy ba mai jiran a duba mata hanya ba ce. A kicin ɗin makarantar firamare take aiki, ta saba da yi wa mutane tsawa. Ta je ofishin jiha mai kula da ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, ta kai ƙara ba tare da ta nemi izinin mijinta ba. Aka sa ranar zama. Abu ɗaya za a duba: Merle ma'aikacin Duane ne, ko mai zaman kansa? In ma'aikaci ne, nauyin jinyarsa yana kan Duane, da tara a kai saboda bai yi masa inshora ba. In mai zaman kansa ne, kowa ya kama gabansa.

Wata Asabar da rana Patsy ta tare Lorna a wurin ajiye motoci na kantin kayan abinci. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Da fararen kaya ya fita daga gidana ran nan. A asibiti suka ba ni wando da takalmi da jaket ɗin yayanki. Ina rigar?"

Lorna ta dubi keken sayayyarta.

"Ni na wanke ta, ni na goge ta. Ina rigar, Lorna?"

"Ban sani ba ko…"

"Kin sani. Kallonki kawai na yi na san kin sani. Tun kina yarinya haka kike, ki tsaya a lungu kina ganin komai, bakinki gum." Ta matso. "Mutumin nan yanzu ni ke ɗaga shi in kai shi bayi. Kin ji? Ni. Shi kuma yana can yana ce mini Duane ba zai yashe shi ba. Ba na roƙonki. Na dai gaya miki ne."

Ta tura kekenta ta wuce. Rigar tana nan a bayan kujera, taku kaɗan daga inda suka tsaya.

Ranar bikin godiya na ƙarshen Nuwamba aka taru a gidan Duane kamar kowace shekara. An gasa talo-talo, yara suna ta guje-guje, maza suna kallon ƙwallo. Lorna tana kicin tana wanke tukwane Duane ya shigo ya turo ƙofar.

"Sun ce za su kira ki."

"Na ji."

"To ba wani abu ba ne. Kowa da kwangilarsa, shi ke nan. Ai haka muka yi, kina wurin."

"Ina wurin."

"Kuma ki tuna, ke kika saki tsanin."

Ta juyo, kumfa a hannunta. "Kai ka ce in saki."

"Ni cewa na yi ki rufe mota. Ban ce ki kashe mutum ba." Sai ya ga fuskarta, ya sassauta. "Haba, 'yar ƙanwata. Ba haka nake nufi ba. Ina nufin in aka fara tone-tone ba wanda zai fita da tsabta. In suka ɗora mini wannan abu, na gama. Motar Baba ce fa, sunan Baba ne a jiki. Ke ma ina za ki yi aiki? Merle kuwa ba zan bar shi ba, wallahi. In bazara ta zo aiki ya buɗe, zan san abin yi."

"Likita ya ce ba za a jira bazara ba."

"Likitoci ai haka suke faɗa." Ya ɗauki wani guntun nama a faranti ya jefa a baki. "Rigar nan kin yar, ko?"

Ta mai da hannunta cikin ruwa. "Ana kiranka a falo."

Ɗakin da aka yi zaman ƙarami ne, ba kamar kotun talabijin ba. Dogon tebur, tuta a lungu, da wata mata mai tabarau da igiya a wuya, ita ce mai sauraron ƙarar. Lorna ta lura duk wanda ya yi fentin ɗakin bai iya ba, ya taɓa silin a wurare da yawa. Duane ya zo da lauya, ya sa taye. Patsy ta turo Merle a keke. Ya rame, an yi masa aski, ya sa rigar zuwa coci. Da ya ga Duane sai ya ɗaga masa hannu.

Merle aka fara tambaya. Matar ta ce, "Malam Merle, wa kake yi wa aiki a ranar?"

"Kaina, ranki ya daɗe. Ni ɗan kwangila ne."

Patsy ta rufe ido.

"Wa ke faɗin lokacin da za ku fara?"

"To, mukan yi shawara."

"Tsanin na wa ne?"

"Tsani ai tsani ne. Na Duane ne, amma tare muke amfani da shi."

"Ka taɓa karɓar wani aiki kai kaɗai, ba tare da shi ba?"

"Na yi wa coci ƙofa."

"Sun biya ka?"

"Coci ne fa, ranki ya daɗe."

Lauyan Duane ya yi murmushi. Ya ce ga shi mai ƙarar da bakinsa ya faɗa, kuma takardun asibiti sun nuna ba da kayan wani kamfani aka kawo shi ba. Matar ta rubuta wani abu. Sannan ta ɗago ta dubi Lorna.

"Ke kina wurin?"

"E."

"Ɗaga murya kaɗan. Me yake sanye da shi?"

Ta dubi yayanta. Yana kallon ta irin kallon da yakan yi mata suna yara in ya fasa abu yana so ta yi shiru kafin Baba ya shigo. Da ma takan yi. Ta dubi Merle, ta ga yadda ya zauna a karkace, ya ɗora nauyinsa duk a gefe ɗaya don kada ɗaya gefen ya taɓa kujerar, yana ɓoyewa.

Ta sunkuya ta buɗe jakarta. Ta fito da rigar, ta shimfiɗa a kan tebur. Ta bushe ta yi tauri saboda fenti, ga ƙasa ga busasshen ganye a jiki. Ta juya bayan sama. Sunan yana nan, da lambar waya.

"Wa ya yanka ta haka?" in ji matar.

"Yayana."

"Yaushe?"

"Kafin motar asibiti ta iso."

Daga nan maganar ta riƙa fitowa da kanta, a hankali, ba ta kallon kowa. Ta faɗi wanda ke cewa a fito da safe. Ta faɗi wanda ke sayen fenti da buroshi. Ta faɗi ranar da aka tara su a mota aka ce kowa ɗan kwangila ne, da yadda washegari ba abin da ya canja. Ta ce ita ke riƙe da tsanin, ita ta saki, ta kuma faɗi dalilin. Lauyan ya yi ƙoƙarin katse ta, matar ta ɗaga masa hannu.

"A ganinki, Malam Merle yana iya cewa yau ba zai zo ba, yana da wani aiki nasa?"

"A'a. Ma'aikaci ne kawai. Kamar ni."

Duane ya kwance tayensa ya sa a aljihu. Wanda ya yi magana Merle ne. Bai ɗaga murya ba, ya dai juyo da kansa gefenta.

"Kawai?" ya ce.

An yanke hukunci bayan sabuwar shekara. Merle ma'aikaci ne, nauyinsa yana kan Duane. Patsy ta kira Lorna ta gaya mata, ta ce ta gode, a gajarce, kamar mai biyan kuɗin mota. Amma kafin a kai ga karɓar komai, lauyan Duane ya sanar cewa kamfanin ya durƙushe, ba shi da abin biya. Aka mai da maganar Merle wani asusun jiha da ke ɗaukar irin waɗannan, can kuma layi ne mai tsawo. Sanda takardar amincewa ta fito, ƙanƙara ta narke, itatuwa sun yi ganye. Likita ya sake ɗaukar hoton bayan, ya ce ƙashin ya riga ya kama yadda ya ga dama. Za a yi abin da za a iya don rage ciwo. Tsani kam sai dai ya gani a hannun wasu.

Duane bai sake kiran Lorna ba. Matarsa ta cire ta daga rukunin saƙonnin iyali ba tare da ta ce uffan ba. Sauran 'yan kwangilar garin duk sun ji labari, ba wanda ya ce mata komai, sai dai duk wanda ta tambaya aiki sai ya ce hannunsa ya cika. Ta samu wuri a shagon sayar da fenti, tana tsaye a bayan kanta tana haɗa launi a inji. Masu fentin da ta sani suna shigowa, su miƙa mata lambar launi, su yi ta kallon wayarsu har ta gama.

Takan je gidan Merle wani lokaci ranar Lahadi bayan coci, da taliya da cuku a kwano. Patsy ke karɓa. Shi yakan amsa gaisuwa, ya tambaye ta shago, shi ke nan. Bai ƙara ce mata 'yar nan ba.

Wata Lahadi a watan Yuni ta same shi a baranda cikin kekensa, an ɗan yi yayyafi an ɗauke. Gangaren katakon da Duane ya yi masa yana nan, fentin ko ɓarewa bai yi ba. Ta zauna a kan matakala, kwanon a cinyarta, suna kallon titi.

Sai ga motar aikin Duane ta shigo layin. Ita ce dai, da lotsawarta a ƙofar baya, da dogon tsanin ɗaure a sama. An shafe ta da fari, an rubuta sabon suna, sunan matar Duane, a ƙasa kuma da manyan baƙi, muna da inshora. Wasu samari biyu suna zaune a gaba cikin sababbin fararen riguna. Ruwan da ya jiƙa jikin motar ya sa tsohon sunan ya fito ta ƙarƙashin sabon fentin, dishi-dishi, amma duk wanda ya san shi zai karanta.

Duane ya rage gudu. Ya danna hon sau biyu. Merle ya ɗaga hannu sama, har ya ɗan yunƙura a kujerar, ciwo ya mai da shi. Motar ta wuce ta sha kwana.

Ya daɗe yana kallon inda ta bi. Sannan ya girgiza kai.

"Shafe ɗaya ya yi," ya ce. "Bai kankare ba, bai sa na ƙasa ba. Kullum gaggawa." Ya gyara bargon da ke kan gwiwarsa. "Da ni ya kira, ba wanda zai ga tsohon sunan."

Lorna ta dubi kwanon da ke cinyarta. Ya huce. Ta tashi ta kai wa Patsy kicin.